Orpington 1962: Zaɓen cike gurbin da ya firgita Macmillan, ya kuma ruɗi waɗanda suka ci shi

Ranar Laraba 14 ga Maris 1962 aka yi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Orpington, wani gari da ke gefen Landan ta kudu maso gabas, a lokacin yana cikin gundumar Kent. Kujera ɗaya ce tal cikin kujeru 630 na majalisar wakilan Birtaniya. Gwamnatin Firaminista Harold Macmillan ta jam'iyyar Conservative kuwa tana da rinjayen kujeru 100, saboda haka ko ta ci ko ta faɗi, a lissafi babu abin da zai taɓa mulkinta. Duk da haka, wata huɗu bayan zaɓen sai ga Macmillan ya sallami kashi ɗaya cikin uku na manyan ministocinsa tsakanin dare da yini guda. Har gobe, duk sanda jam'iyya mai mulki ta rasa kujerar da take ganin gadonta ce, jaridun Birtaniya sai sun tono sunan wannan gari.

A babban zaɓen 1959 ɗan takarar jam'iyyar Conservative, Donald Sumner, ya samu ƙuri'a 24,303 a Orpington. Na Labour ya samu 9,543, na Liberal ya zo na uku da 9,092. Tazarar ƙuri'a 14,760 ke nan, a mazaɓar da tun da aka ƙirƙire ta a 1945 ba ta taɓa zaɓen kowa ba sai ɗan Conservative. Shekara biyu da rabi bayan haka, ɗan Liberal Eric Lubbock ya tashi da ƙuri'a 22,846, Peter Goldman na Conservative ya samu 14,991, Alan Jinkinson na Labour ya tsira da 5,350. Wato jam'iyyar da ta zo ta uku ta haura ta ɗaya da tazarar 7,855. Kuma ba za a ce magoya bayan gwamnati ne suka yi zamansu a gida ba, domin kusan kashi 80 cikin ɗari na masu rajista sun fito. Mutanen sun zo rumfar zaɓe da ƙafarsu, suka dangwala wa wani daban.

Kafin a fahimci girman abin, sai an san halin da jam'iyyar Liberal take ciki a lokacin. Ita ce jam'iyyar tsofaffin firaministoci Gladstone da Asquith da Lloyd George, wadda ta yi ta karɓa-karɓar mulki da Conservative a ƙarni na 19. Rabuwar kai a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da tasowar Labour suka durƙusar da ita, kuma tun da Lloyd George ya sauka a 1922 ba ta ƙara fitar da firaminista ba. A zaɓukan 1951 da 1955 da 1959 kujeru shida-shida ta samu, yawancinsu a lungunan Wales da Scotland da yammacin Ingila. Biyu daga ciki ma, Bolton ta Yamma da Huddersfield ta Yamma, sai da Conservative ta janye mata ɗan takara kafin ta same su. Jo Grimond, wanda ya karɓi shugabancinta a 1956, ya ɗan farfaɗo da ita, har Mark Bonham Carter ya ci zaɓen cike gurbi a Torrington a 1958 da ƙuri'a 219 kacal. Amma kujerar ta suɓuce a shekara mai zuwa. Jam'iyya ce da ake girmamawa saboda tarihinta, ba don ana tsoronta ba.

To me ya faru a Orpington? Abu na farko, kuskuren Conservative ne tun daga tushe. Kujerar ta zama babu kowa ne saboda an naɗa Sumner alƙali a ƙarshen 1961. A al'adar majalisar Birtaniya, jam'iyyar da ke riƙe da kujera ita ke da ta cewa kan ranar da za a cike gurbin. Conservative ta yi ta jan ƙafa wata da watanni, tana jiran iska ta gyaru. Iskar ba ta gyaru ba, sai ma jinkirin ya bai wa 'yan Liberal lokacin shiri, ya kuma ba su abin faɗa: an bar ku ba wakili saboda an raina ku.

Sai kuma zaɓen ɗan takara. Peter Goldman mutum ne mai kaifin basira, yana shugabantar sashen ilimantar da 'yan jam'iyya a hedikwatar Conservative, kuma yana cikin waɗanda suke rubuta manufofinta. Na hannun daman Iain Macleod ne, shugaban jam'iyyar a lokacin. Macleod ɗin nan ba baƙo ba ne ga tarihinmu, shi ne sakataren ƙasashen mulkin mallaka lokacin da Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, kuma gaggawar da ya yi wajen sakin ƙasashen Afirka ta jawo masa baƙin jini wurin 'yan ra'ayin riƙau na jam'iyyarsa. Matsalar Goldman ita ce ba ɗan gari ba ne, bai kuma nuna yana da niyyar tarewa a garin ba. A idon mutanen Orpington ɗauki-ɗora aka yi musu: hedikwata tana da yaro mai ƙwaƙwalwa da take son shigarwa majalisa, ta duba inda ba a faɗuwa, ta aiko shi. Kuma tunda shi ɗan cikin gida ne a wurin masu tsara manufofi, ba shi da bakin da zai ce ba ruwansa da abin da gwamnati ta yi. Duk laifin da ake ɗora wa Macmillan, a kansa ya sauka.

Lubbock akasin haka ne. Shekarunsa 33, injiniya ne da ya yi aiki a kamfanin Rolls-Royce, bai daɗe da shiga jam'iyyar ba, kuma kansila ne a majalisar garin, yana wakiltar ƙauyen Downe. Bai zama ɗan takara ba sai da wanda ya tsaya wa jam'iyyar a 1959 ya janye dab da zaɓe. Abin dariyar shi ne, mutumin da aka tallata a matsayin ɗan gari mai fama irin na kowa, ɗan babban gida ne. Zuriyar Sir John Lubbock ce, attajirin banki kuma ɗan majalisar da ya kawo dokar ranakun hutun ƙasa a 1871, wanda gandunsu na High Elms yake nan cikin mazaɓar. Wannan bai dame shi da komai ba, sai ma ya taimaka masa. Tsohon ɗan Conservative da hannunsa ke rawa wajen zaɓen wata jam'iyya ya ga suna da ya sani, ya ga mutumin da ba zai tsorata kowa ba.

Amma in an tsaya a kan 'yan takara an rage wa labarin nauyi. Ɗan takara maras farin jini yakan jawo asarar ƙuri'a dubu ɗaya ko biyu, ba dubu tara ba. Ainihin ciwon yana aljihun mutane.

A 1957 Macmillan ya faɗi maganar da ta bi shi har kabari, cewa akasarin mutanen Birtaniya ba su taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba. Da wannan taken a zukatan mutane ya ci zaɓen 1959, bayan kasafin kuɗin da ya rage haraji. Kafin shekara biyu ta cika, kuɗin ƙasar, fam, ya shiga matsi, ƙasar tana sayen kaya daga waje fiye da abin da take sayarwa. A Yulin 1961 ministan kuɗi Selwyn Lloyd ya ɗaga kuɗin ruwan babban banki daga kashi 5 zuwa kashi 7 cikin ɗari, ya ƙara haraji a kan kayan masarufi, sannan ya sanar da dakatar da ƙarin albashi. A nan gizo ke saƙar. Gwamnati ba ta da ikon hana kamfanoni masu zaman kansu ƙara wa ma'aikatansu kuɗi, sai dai ta roƙe su. Waɗanda take iya daskarar wa da albashi su ne nata: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, ma'aikatan ofisoshin gwamnati. Ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi, waɗanda yajin aikinsu ke tsayar da ƙasa, suna iya ƙwatar nasu. Mai farar riga da ba ya iya yajin aiki shi aka bari da haƙuri. A farkon 1962 aka ce ƙarin albashi kada ya wuce kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari, abin da ya fusata ma'aikatan jinya, jama'a kuma suka goya musu baya.

Yanzu a dubi wanda ke zaune a Orpington. Gari ne da ya bunƙasa da sababbin unguwanni na masu aiki a Landan. Mutum ne da ya sayi gidansa da bashin banki, don haka duk sanda kuɗin ruwa ya hau, abin da yake biya duk wata ya hau. Kullum da asuba yana tashar jirgin ƙasa, kuɗin tikiti na ƙaruwa, taragon a cunkushe. Akwai kuma wani tsohon haraji da ake karɓa daga mai zama a gidansa na kansa, bisa ƙiyasin hayar da zai samu da a ce ya ba da gidan haya, harajin da masu gidaje suka tsana. Sau da yawa wannan mutum ɗan leburori ne ko ɗan ƙaramin ma'aikaci da karatu ya ɗaga. Ba shi da shaƙuwar gado da Conservative, ya zaɓe ta ne don ta yi masa alƙawarin ci gaba. Labour kuwa a ganinsa jam'iyyar ƙungiyoyin ƙwadago ce da mayar da masana'antu hannun gwamnati, ga shi a lokacin tana fama da rikicin cikin gida tsakanin shugabanta Hugh Gaitskell da masu neman Birtaniya ta yi watsi da makaman nukiliya. Mutumin yana cike da haushi, amma ba zai iya tsallakawa Labour ba. Liberal ta zame masa mafaka ta tsakiya.

A nan ne bambancin zaɓen cike gurbi da babban zaɓe yake fitowa, kuma a ganina shi ne mabuɗin labarin gaba ɗaya. A tsarin firaminista, ranar babban zaɓe mai ƙuri'a yana amsa tambaya biyu da dangwale ɗaya: wa zai wakilce ni, kuma wa zai mulki ƙasa. Ta biyun takan danne ta farkon. Kana iya jin haushin jam'iyyarka, amma in ka tuna ƙuri'arka na iya ɗora abokan hamayya a kan mulki, sai ka haɗiye fushinka. Zaɓen cike gurbi yana cire wannan tsoron. Ɗan Conservative na Orpington ya san ko Goldman ya faɗi, gobe Macmillan ne firaminista, Gaitskell ba zai shiga fadar gwamnati ba. An ba shi damar marin gwamnatinsa ba tare da ya biya komai ba, ya kuwa yi amfani da ita. Saboda haka sakamakon irin wannan zaɓe ma'aunin fushi ne mai kyau, amma ba ya gaya maka wa mutane ke so ya mulke su. Mai karatu a Najeriya zai lura abin ya sha bamban da abin da muka saba gani, inda zaɓen cike gurbi ya fi karkata ga jam'iyyar gwamna kuma mutane ƙalilan ke fitowa. A can jam'iyya mai mulki ce ke shiga irin wannan zaɓe gabanta na faɗuwa.

Sai dai fushi shi kaɗai ba ya cin zaɓe, sai an tattara shi wuri guda. A tsarin da wanda ya fi yawan ƙuri'a ke lashe kujera ko da bai kai rabi ba, 'yan adawa biyu masu ƙarfi ɗaya kyauta ce ga mai mulki. A 1959 Labour da Liberal kusan kunnen doki suka yi a Orpington, Labour ma ce a gaba da ƙuri'a 451. Aikin da ke gaban 'yan Liberal shi ne su gamsar da jama'a cewa su ne kaɗai za su iya kayar da Goldman. Sun fara wannan aiki shekaru kafin zaɓen, ta hanyar cin kujerun kansila ɗaya bayan ɗaya, da bin gida-gida kan maganar kwata da titi da makaranta. Da zaɓen ya zo, jam'iyyar ta turo Pratap Chitnis, matashi ɗan asalin Indiya ta wajen uba, ya jagoranci kamfen, 'yan sa-kai kuma suka yi ta kwararowa daga sassan ƙasar. Ƙaramar jam'iyya ba ta iya yaƙi a mazaɓu 630 lokaci guda, amma tana iya zuba duk ƙarfinta a guda ɗaya.

Abubuwa biyu suka faɗo musu a daidai gaɓa. Ranar Talata, jajibirin zaɓen, aka yi wani zaɓen cike gurbi a Blackpool ta Arewa, inda tazarar Conservative ta faɗo daga sama da 15,000 zuwa 973, ɗan Liberal na biye. Sannan jaridar Daily Mail, wadda ba ta Liberal ba ce, ta buga ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da ta nuna Lubbock ya ɗan sha gaban Goldman. 'Yan Liberal suka sayi dubban kwafin jaridar suka rarraba, har a bakin tashar jirgi inda ma'aikata ke fitowa. Ka ƙaddara ɗan Labour ya sauko daga jirgi da yamma, an miƙa masa jarida, ya ga ɗan takararsa can baya, ya ga kuma ga hanyar kunyata gwamnati a buɗe. Ka ƙaddara ɗan Conservative mai jin haushi, wanda yake tunanin ƙuri'ar Liberal asara ce, ya ga ashe ba shi kaɗai ba ne. Ƙuri'ar jin ra'ayin ta auna abin da ke akwai, sannan ta ninka shi. Shi ya sa tazarar da aka yi hasashen za ta zama siririya ta kai kusan 8,000.

Akan ce ƙuri'un 'yan Labour ne suka ba Lubbock nasara. Alƙaluman ba su goyi bayan wannan ba sosai. Conservative ta yi asarar ƙuri'a 9,312 idan aka kwatanta da 1959, Labour ta yi asarar 4,193, Liberal ta ƙaru da 13,754. Jimillar asarar biyun ta kusa daidai da ribar ta ukun. Ba a iya sanin takamaiman wanda ya koma ina daga jimilla kawai, tunda mutane na ƙaura, wasu na mutuwa, wasu na kai shekarun zaɓe. Amma ko da an cire wa Lubbock duk 4,193 ɗin an mayar wa Labour, zai rage da sama da 18,600, har yanzu yana gaban Goldman da fiye da 3,600. 'Yan Labour sun mayar da nasarar gagaruma, amma 'yan Conservative ne suka kayar da jam'iyyarsu. Shi kuwa Jinkinson, dokar lokacin ta ce duk wanda bai samu kashi ɗaya cikin takwas na ƙuri'u ba ya yi asarar fam 150 da ya ajiye kafin takara. Ƙuri'a kusan 50 suka hana shi kai wa, kuɗin suka tafi. Daga baya ya zama babban sakataren ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda kowace jam'iyya ta karanta sakamakon.

'Yan Liberal suka ɗauka alfijir ne ya keto. Ba za a zarge su ba, domin cikin makonnin da suka biyo baya har wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna su a gaban manyan jam'iyyun biyu a faɗin ƙasa, kuma a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Mayu sun kwashi kujeru da dama. Jaridu suka ƙirƙiro wani mutum da suka kira "Mutumin Orpington": matashi mai ilimi, mai gida da mota, wanda ya gaji da siyasar masu kuɗi da leburori, wanda aka ce shi ne makomar ƙasar. Grimond yana da burin a sake fasalin ɓangaren masu neman sauyi, Liberal ta zama ginshiƙinsa, a bar 'yan gurguzu na Labour a gefe. Orpington ta yi kama da hujjar cewa lokacin ya yi. Kuskuren shi ne sun ɗauki ƙuri'ar aro a matsayin mallaka. Akasarin waɗanda suka zaɓi Lubbock ba manufofin Liberal suka karanta ba, ba kuma goyon bayanta ga shiga Kasuwar Tarayyar Turai ne ya ja su ba, tunda Macmillan da kansa ya riga ya nemi shiga a 1961. Wurin ajiye fushi suka nema.

Macmillan kuwa ya fahimci fushin na gaske ne, amma maganin da ya ba shi ya fi cutar illa. Zaɓukan cike gurbi suka ci gaba da zuwa da mummunan labari. A watan Yuni Labour ta ƙwace Middlesbrough ta Yamma. Ranar 12 ga Yuli, a Leicester ta Arewa maso Gabas, Conservative ta faɗo ta uku, Liberal ta sha gabanta. Macmillan ya riga ya ƙudura sauya Selwyn Lloyd, wanda yake gani ya cika taka-tsantsan, kuma kasafin kuɗinsa na Afrilu, wanda ya sa haraji a kan alewa da lemon kwalba da askirim, ya zama abin ba'a. Niyyarsa ya yi garambawul a natse zuwa kaka. Sai maganar ta fita, ta bayyana a Daily Mail, kuma an daɗe ana danganta fitar da ita ga Rab Butler, babban ministansa. Macmillan ya ruɗe, ya ga kamar ana ƙulla masa makirci. Da yammacin 12 ga Yuli ya sallami Lloyd, washegari Juma'a ya haɗa da wasu shida, ciki har da Lord Kilmuir, shugaban ɓangaren shari'a, da ministocin tsaro da ilimi da gidaje. Wasunsu abokan tafiyarsa ne na shekara da shekaru, kuma sanarwar 'yan sa'o'i aka ba su.

Jaridu suka laƙaba wa abin "Daren Dogayen Wuƙaƙe", suna aro sunan kisan da Hitler ya yi wa abokan tafiyarsa a 1934. Jeremy Thorpe, ɗan majalisa na Liberal, ya juya wata ayar Littafi Mai Tsarki da ke cewa babu ƙaunar da ta fi mutum ya ba da ransa domin abokansa, ya ce ga wanda ya ba da abokansa domin ransa. Duk martabar Macmillan a siyasa ta ginu ne a kan cewa shi mutum ne da ba ya firgita. A yini guda ya rushe ta da hannunsa. Abin lura shi ne, a manufa ya ba Orpington amsa: sabon ministan kuɗi Reginald Maudling ya saki bakin aljihu, kuma a kasafin 1963 aka soke wancan haraji na masu zama a gidajensu. Amma mutane sun fi tuna firgitar fiye da rangwamen. Sauran masifun da suka biyo baya ba Orpington ce ta jawo su ba: de Gaulle na Faransa ya toshe wa Birtaniya ƙofar Turai a Janairun 1963, abin kunyar John Profumo, ministan yaƙi da ya yi wa majalisa ƙarya kan mu'amalarsa da wata mata, ya fashe a tsakiyar shekarar, rashin lafiya ta sa Macmillan ya sauka a Oktoba. Sai dai sun tarar da shugaban da an riga an ga rauninsa.

Labour, wadda ta kasa ko da karɓo kuɗin ajiyarta, ita ce ta fi amfana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Darasin da ke cikin sakamakon a gare ta a fili yake: akwai miliyoyin ma'aikatan ofis da ƙwararru da suka gaji da Conservative amma Labour ba ta yi musu magana da harshensu ba. Gaitskell ya rasu a Janairun 1963, Harold Wilson ya gaje shi, ya kuma karkata kamfen ɗinsa kacokan ga kimiyya da fasaha da zamanantar da ƙasa, yana zargin Conservative da barin mulki a hannun 'ya'yan manya da ba su san aikin ba. Wannan kusan saƙon Grimond ne, amma daga bakin mutumin da ke iya kafa gwamnati. Conservative ta ƙara sauƙaƙa masa aiki da ta ɗauko Alec Douglas-Home daga majalisar iyayen ƙasa ta ba shi firaminista. Da farin jinin Wilson ya hau, na Liberal ya yi ta sauka.

A babban zaɓen Oktoba 1964 Labour ta samu kujeru 317, Conservative 304, Liberal 9. Rinjayen Wilson kujera huɗu ne kacal. Ƙuri'un Liberal sun kusa ninkawa, daga miliyan 1.6 zuwa miliyan 3.1, wani ɓangare saboda ta ƙara yawan 'yan takararta daga 216 zuwa 365. Amma ga yadda tsarin ya yi mata: kowace kujerar Labour ta ci kimanin ƙuri'a 38,000, kowace kujerar Liberal kimanin 340,000. Ƙuri'un manyan jam'iyyun a dunƙule suke a yankunansu, na Liberal a warwatse suke ko'ina, ta biyu a nan, ta uku a can. Abin da ya yi aiki a Orpington, wato tara mutane da kuɗi da hankalin jaridu a wuri ɗaya, ba ya maimaituwa ranar da kowace mazaɓa ke zaɓe. Kuma da yake ƙuri'un Conservative ne suka fi zubewa a wannan zaɓe, da wuya a ce Wilson zai kai ga wannan siririn rinjaye ba tare da ɓarnar da Liberal ta yi wa abokan hamayyarsa ba.

Duk da haka ba zan ce Liberal ta tashi a tutar babu ba. Ta koyi sana'a a Orpington, kuma ta riƙe ta: a fara daga kansila, a tsayar da ɗan gari, a cika mazaɓa da takardu, a nuna wa masu zaɓe da alƙaluma cewa tsere na mutum biyu ne, a matse ƙuri'ar jam'iyya ta uku. Da wannan dabara ita da magajiyarta Liberal Democrats suka ci mazaɓar Sutton da Cheam a 1972, suka ci Eastbourne a Oktoban 1990, wata guda kafin 'yan jam'iyyar Firaminista Margaret Thatcher su kayar da ita, suka kuma ci mazaɓar Tiverton da Honiton a Yunin 2022, makonni biyu kafin Boris Johnson ya sanar da murabus. A kowanne, kujera ɗaya ba ta sauya lissafin majalisa ba. Abin da ta sauya shi ne lissafin 'yan majalisar jam'iyya mai mulki, waɗanda kowannensu ya ɗauki biro ya auna tazararsa da abin da ya faru, ya ga tasa kujerar ma tana rawa. Tsoron waɗannan ne ke kayar da shugaba, ba ƙuri'un mazaɓar ba.

Lubbock da kansa ya fi guguwar da ta kawo shi daɗewa. Ya riƙe kujerar a 1964 da 1966 saboda aikin da yake yi wa mazaɓa, ya zama mai tsawatarwa na jam'iyyarsa a majalisa, ya kuma kawo dokar 1968 da ta tilasta wa ƙananan hukumomi samar wa al'ummomin da ke yawo da gidajen tafi-da-gidanka wuraren zama, dokar da ba ta ƙara masa farin jini a unguwannin masu gidaje ba. A 1970, bayan shekara shida na mulkin Labour, fushin mutanen Orpington ya sauya alƙibla, suka koma gida. Shekara guda bayan haka ya gaji sarautar gidansu ya zama Lord Avebury, ya shafe sauran rayuwarsa a majalisar iyayen ƙasa yana fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam har rasuwarsa a 2016. Wanda ya kayar da shi, Ivor Stanbrook, tsohon jami'in mulkin mallaka ne da ya yi shekara goma yana aiki a Najeriya kafin 'yancin kai. Tun daga ranar kujerar Orpington ba ta ƙara barin hannun Conservative ba, ko da yake a 2001 da ƙuri'a 269 ta sha.